Wane buri ya dace kwalejin horar da malamai ta ɗaukar wa kanta a kowace shekara?

Malamin Kwaleji ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata kwalejin ilimi ta jiha a arewa maso yammacin Najeriya, kuma a farkon wannan zangon karatu aka sa ni cikin kwamitin da zai rubuta abubuwan da kwalejin take son cim ma a shekara mai zuwa. Da na ɗauko fayil na shekarun baya domin in ga yadda magabata suka yi, sai na tarar kusan magana ɗaya ake ta maimaitawa: za a inganta koyo da koyarwa, za a ƙarfafa bincike, za a ƙara yawan ɗalibai, za a gyara ɗakunan karatu. Ban ga inda aka dawo a ƙarshen shekara aka ce wannan mun cika shi, wancan mun gaza ba, kuma da na sake karantawa sai na fahimci dalili, domin an rubuta su ne ta yadda babu mai iya tabbatar da cewa an gaza.

Hukumar NCCE, wadda ke kula da kwalejojin ilimi tun 1989, takan zo tantance kwasa-kwasanmu bayan 'yan shekaru, kuma duk wanda ya taɓa aiki a kwaleji ya san irin shirin da ake yi idan zuwanta ya gabato. Abin da ya dame ni shi ne shekarun da ke tsakanin wannan zuwa da wancan, lokacin da babu baƙon da ake tsammani. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar: idan kwaleji za ta zaɓi buri uku ko huɗu kacal na shekara guda, wanne da wanne ya kamata ta zaɓa, wa zai auna su, kuma yaya za a yi kada su zama wata takardar da za a sa a fayil?

Tsohon Hedimasta ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban taɓa koyarwa a kwaleji ba, amma na daɗe ina karɓar abin da kwaleji ke fitarwa, domin na shugabanci makarantun firamare har na yi ritaya, kuma kusan kowace shekara ana turo mini ɗalibanku aikin koyarwa na gwaji. Saboda haka zan yi magana a kan ɓangaren da idona ya gani.

Da farko ina roƙonku kada ku sa ƙarin yawan ɗalibai cikin burinku. Mu da muka ga shekarar 1976, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, mun san abin da ke faruwa idan aka ce ana bukatar malamai dubu kaza kafin wata kaza. Yara sun cika makarantu fiye da yadda aka ƙiyasta, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, kuma a wannan shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, domin a ɗaga darajar waɗanda aka ɗauka ba tare da cikakken horo ba. An samu adadin da ake nema, amma gyaran abin da gaggawar ta haifar ya ɗauki shekaru masu yawa. Cika aji da ɗalibai ba aiki ne mai wuya ba, rage sharaɗin shiga kawai yake bukata.

Idan da ni ne a kujerarka, burina na farko zai tsaya ne a kan duba ɗalibai a lokacin koyarwar gwaji. A takarda, ɗalibin NCE, wato mai neman takardar shaidar malanta da kwalejin ilimi ke bayarwa, yana yin zango guda a makaranta, malaman kwaleji suna zuwa su zauna a bayan aji su kalle shi, su ba shi maki, su gyara masa. Abin da na sha gani kuwa daban ne. Makonni sukan wuce ba wanda ya leƙo, sannan a makon ƙarshe malamai su zo a mota ɗaya, su zauna a ofishina, a tattaro musu littattafan shirin darasi na ɗalibai, su duba rubutu su sa hannu. Akwai shekarar da na roƙi ɗaya daga cikinsu ya shiga aji uku ko da na minti goma ne, domin yarinyar da aka turo mana tana da ƙoƙari amma tana juya wa yara baya tana magana da allo, sai ya ce mini akwai sauran makarantu shida a gabansa kuma da kuɗin aljihunsa ya sha mai. Ban ga laifinsa ba sosai, amma yarinyar ta koma da maki mai kyau da kuma kuskurenta.

To ga abin da za ku iya rubutawa: kowane ɗalibi za a kalle shi yana koyar da darasi cikakke sau kaza, ziyarar farko kuma ta kasance cikin makonni uku na farko, domin gyaran da aka yi a makon ƙarshe bai da amfani ga kowa. Kada ku bar wa malaman da suka je duban su kawo muku shaida da kansu. Ku ajiye rajista a hannun hedimasta, a rubuta rana da aji da darasin da aka kalla, hedimasta da malamin ajin su sa hannu. Sannan ku duba inda kuke tura ɗaliban, domin galibi makarantun cikin gari da na bakin titi ake cikawa da su, har ka ga ɗalibai goma suna rabon aji ɗaya, alhali makarantar ƙauye mai malamai biyu ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba.

Kun tuna jarrabawar da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare a 2017, inda aka sanar cewa 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai kashi 75 cikin ɗari ba a tambayoyin aji huɗu. An yi ta gardama a kan yadda aka shirya ta da kuma korar da ta biyo baya, ni ma ina da nawa ra'ayin, amma tambayar da ta shafe ku ita ce: su wa suka sa hannu a takardun shaidar da waɗannan malamai suka nemi aiki da su?

Ɗalibar Digiri na Uku ta amsa:

Ina gaida Malam mai tambaya, ina kuma gaida Baba Hedimasta. Ina karatu a Amurka a fannin manufofin ilimi, kuma tun da a nan doka ce ta wajabta irin wannan buri na shekara-shekara, na ga ya dace in bayyana yadda abin yake, da amfaninsa da kuma inda ya gaza.

Dokar ilimi mai zurfi ta Amurka, wadda aka fara yi a 1965 aka kuma sabunta a 2008, ta ce duk jami'ar da ke horar da malamai kuma ɗalibanta ke cin tallafin gwamnatin tarayya, dole ta ɗaukar wa kanta buri a kowace shekara, wanda za a iya ƙirgawa, na ƙara yawan malaman da take yayewa a fannonin da ake ƙarancinsu. Fannoni huɗu aka fi ambata: lissafi, kimiyya, ilimin yara masu bukata ta musamman, da koyar da yaran da Ingilishi ba harshen gidansu ba ne. A rahoton shekara jami'ar za ta faɗi burin da ta sa, ta faɗi ko ta cika shi, ta bayyana matakan da ta ɗauka, kuma rahoton a buɗe yake ga duk mai son karantawa. Dokar ta kuma nemi jami'ar ta ba da tabbacin cewa horon da take bayarwa ya dace da bukatun makarantun yankin da ɗalibanta za su yi aiki, na birni da na karkara.

Abu biyu ne suka burge ni a wannan tsari. Na farko, ba a barin jami'a ta ce za ta inganta abu kawai, sai ta faɗi adadi. Na biyu, burin bara yana nan a rubuce kusa da sakamakon bana, ba a iya ɓoye shi. Sai dai kuma jami'ar ce ke zaɓar adadin da kanta, kuma tarar da dokar ta tanada ta rashin kawo rahoto a kan lokaci ko kawo na ƙarya ce, ba ta rashin cika buri ba. Wanda aka ce ya yanka wa kansa kaya kuwa ba zai yanki mai nauyi ba. A rahotannin da na karanta na ga inda buri bai wuce a ƙara ɗalibi biyu ko uku ba, a cika shi, a rubuta an yi nasara. Bugu da ƙari, ƙirga kawuna ake yi, wanda shi ne abin da Baba ya yi gargaɗi a kansa. A 2016 gwamnatin Obama ta fito da ƙa'idojin da za su sa a riƙa auna kowace cibiyar horarwa da abubuwa kamar ci gaban yaran da tsofaffin ɗalibanta ke koyarwa da kuma ko sun samu aiki sun daɗe a cikinsa, amma jami'o'i da ƙungiyoyin malamai suka yi adawa da su, majalisar dokoki ta soke su a watan Maris na 2017 tun ba a fara aiki da su sosai ba.

Abin da nake ganin za ku iya ɗauka shi ne tambayar fannin da ake ƙaranci. Kafin kwamitinku ya rubuta komai, ku je wurin SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi ku nemi jerin darussan da babu masu koyar da su, ku ajiye shi kusa da jerin ɗaliban da kowane sashe zai yaye a bana. Ina kyautata zaton tazarar da za ku gani ita da kanta za ta rubuta muku buri ɗaya. Ƙarin ɗalibai gaba ɗaya ba buri ba ne, amma karkata guraben shiga daga fannin da ya yi yawa zuwa wanda ake nema buri ne na gaske.

Malamar Sashen Firamare ta amsa:

Malam, ni ma abokiyar aikinka ce a wata kwalejin, a sashen nazarin ilimin firamare. Na yarda da 'yar'uwata da ke Amurka cewa a duba inda ake ƙaranci, amma ina jin tsoron idan aka kwafo jerin nasu za a tsaya a lissafi da kimiyya a manta da babban ramin da ke gabanmu, wato malamin da ya iya koya wa yaro ɗan aji ɗaya karatu. Yaron da ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ko wane gwanin kimiyya aka kawo masa aikin banza ne.

Tun a 2012 NCCE ta sake fasalin karatun NCE domin a riƙa horar da malami bisa matakin da zai koyar: na yara ƙanana, na firamare, na ƙaramar sakandare, na manya, da na masu bukata ta musamman. Manufar ta yi kyau, amma a aikace sashenmu ne ake turo wa wanda bai samu gurbi a wani wuri ba. A 2024 mafi ƙarancin makin JAMB na shiga kwalejin ilimi ya kasance 100 daga cikin 400, kuma da yawa daga cikin masu zuwa mana jami'a suka nema ba su samu ba. Ba na faɗin haka don raina su, domin a cikinsu na ga waɗanda suka zama malamai na ƙwarai, sai dai dole mu san daga inda muke farawa. Nakan ba sababbin ɗalibaina shifta ta Hausa a makon farko, kuma abin da nake gani game da ƙ da ɗ da ɓ da rabon kalmomi yakan hana ni barci, ganin cewa bayan shekara uku su ne za su tsaya gaban allo.

Don haka burin da zan ba da shawara a kansa shi ne na abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa da bakinsa kafin a sallame shi. Kowane ɗalibin sashen firamare ya koyar da darasin karatu na Hausa guda ɗaya a gaban yara na gaske, ba a gaban abokan karatunsa masu kwaikwayon yara ba, ya nuna ya iya koyar da sautin harafi, ya iya haɗa gaɓa, ya iya zaunar da yaro ɗaya ya saurari karatunsa na minti ɗaya ya ƙirga kalmomin da ya karanta daidai. Ba sai mun ƙirƙiro hanya ba. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA na Katsina da Zamfara, sun bar littattafai da jagororin malami cikin Hausa, kuma akwai malaman firamare da yawa da aka horar a kansu waɗanda za su iya taya mu dubawa. A shekarar farko ku auna kawai, ku rubuta kaso nawa ne suka iya, ko da adadin ya ba ku kunya. Burin shekara ta biyu sai a gina shi a kan wannan adadi. Yawancin burin da muke rubutawa suna mutuwa ne saboda babu wanda ya san inda aka tsaya a bara.

Akwai kuma girman aji. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, mu kuma muna horar da ɗalibanmu kamar haka abin yake, sai su fita su tarar da ninkin wannan ko fiye, wasu a zaune a ƙasa. Darasin gwaji na cikin kwaleji, inda ya kamata kowane ɗalibi ya koyar na 'yan mintuna a gyara masa ya sake, mu kanmu a cunkushe muke yin sa, har zango ya ƙare wani bai taɓa riƙe alli ba. Wannan ma abin ƙirgawa ne, kuma ba ya bukatar sabon gini.

Ma'aikacin Ofishin Kuɗi ya amsa:

Ranku ya daɗe, ni ba malami ba ne, lissafin kuɗin kwaleji nake yi, kuma ina so in ɗan zuba ruwa a wannan zance. Duk shawarwarin da aka bayar suna da kyau, amma kowanne yana da farashi. Ziyara da wuri kuma sau da yawa tana nufin mai da alawus, tura ɗalibai ƙauye yana nufin masauki, musamman ga mata, karkata gurabe daga fannin da ya cika kuwa yana nufin rage kuɗin shiga, domin kwalejin jiha da kuɗin rajistar ɗalibai take biyan wuta da ruwa da ma'aikatan wucin gadi. Wannan ne ya sa kullum kuke ganin ƙarin ɗalibai a jerin buri, ba don shugabanni ba su san illarsa ba.

Shawarata, Malam, ita ce kada kwamitinku ya miƙa buri ko ɗaya ba tare da ya rubuta kusa da shi nawa zai ci, daga wane asusu, da sunan ofishin da za a tuhuma ba. TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, tana da tallafi na musamman ga kwalejojin ilimi domin duba koyarwar gwaji, amma abin da ya fi adadin kuɗin muhimmanci shi ne ranar da ya isa hannun malami. Idan alawus ya fito bayan ɗalibai sun dawo, abin da Baba Hedimasta ya kwatanta shi zai ci gaba da faruwa. Ku sa mu ma a cikin burin: a biya rabin alawus kafin a fita, sauran bayan an kawo rajistar makarantu.

Ina kuma ba ku shawara ku guji ɗaukar alkawarin abin da ba ya hannunku. Samun aikin waɗanda kuka yaye yana hannun gwamnatin jiha, wadda kan yi shekaru ba ta ɗauki malamai ba. Ku bi sawunsu ku san inda suke, amma kada ku mai da shi ma'auni. Haka ma jarrabawar TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista: ku riƙa duba sakamakonta, amma ranar da kuka ce dole kaso kaza su ci, daga ranar za a koma haddar tsofaffin tambayoyi. Kuma yanzu da dokar 2023 ta bai wa kwalejojin tarayya damar ba da digiri tare da NCE, na jihohi ma hankalinsu ya koma can, saboda haka ku lura kada burin shekarar ya zama na neman digiri kaɗai.

Malamin Kwaleji ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kai wa kwamiti abin da kuka faɗa, kuma bayan doguwar muhawara mun tsaya a kan uku. Za a ziyarci kowane ɗalibin koyarwar gwaji cikin makonni uku na farko, da rajista a hannun hedimasta. Za a gwada duk ɗaliban shekarar ƙarshe na sashen firamare a darasin karatu gaban yara, a bana a rubuta sakamakon kawai ba tare da an hana kowa takarda ba. Ofishin kuɗi kuma zai biya rabin alawus kafin a fita. Batun karkata gurabe bai samu karɓuwa ba, domin shugabannin sassan da abin zai shafa suna cikin kwamitin, amma an amince a rubuta wa SUBEB a nemi jerin, ni kuma aka ɗora wa bin sawun wasiƙar.

Inda muka rabu ba tare da matsaya ba shi ne wanda zai ga rahoton ƙarshen shekara. Wasu sun ce a tsaya a majalisar malamai, ni kuma na so a aika wa makarantun da suka karɓi ɗalibanmu. Baba Hedimasta, a ganinka shugabannin makarantu za su rubuta gaskiya a rajistar, ko kunyar malamin kwaleji za ta sa su sa hannu a kan ziyarar da ba a yi ba?

Tsohon Hedimasta ya amsa:

Wasu za su ji kunya, Malam, musamman idan mai duban shi ya koyar da su a kwaleji, kuma hakan yana faruwa sosai. Ku raba rajistar gida biyu, ɗaya a hannun hedimasta, ɗaya a hannun ɗalibin, kowanne ya miƙa nasa ga ofishin da ba na masu duban ba, sannan a tsakiyar zango ku zaɓi makarantu kaɗan ba tare da sanarwa ba, mutum biyu daga kwamitinku su je su gwada takardun biyu. Ku fara da makarantar da ta fi nisa da titi. Rahoton kuma ku aiko mana, ko da shafi ɗaya ne, domin a duk shekarun da na yi ina karɓar ɗalibanku, wasiƙar da ke zuwa mini daga kwaleji ita ce ta jerin sunayen waɗanda za a turo.